Filin Tambaya da Amsa: Injin Tururi, Balan-balan da Tsofaffin Littattafai

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan wasiƙun da suka taru kusan duk hanya ɗaya suka bi, tun bayan ɗan rubutun da nayi a fitowar da ta wuce akan ƙagaggun labaran kimiyya, inda nace masu karatu muna dasu amma marubutan ne sukayi mana ƙaranci. Na zaɓo guda shida, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili, wanda bai ga tashi ba yayi haƙuri tana nan a ajiye.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina aji biyar a sakandare. Munyi musu da ƙawata, ita tace labarin kimiyya da labarin aljanu duk abu ɗaya ne tunda duk ƙarya ce aka shirya, ni kuma nace akwai bambanci amma da tace in faɗa sai na kasa. Dan Allah a raba mana gardama.

AMSA: 'Yata ke ce da gaskiya, amma itama ƙawar taki bata yi nisa da hanya ba, duk ƙage ne kam. Bambancin yana wajen alƙawarin da marubuci ya ɗaukar wa mai karatu. A labarin aljanu idan jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai ya murza zobe ko ya kira sunan wani aljani, ƙiftawa da bismilla yana Birnin Sin, babu mai tambayar ya akayi, kuma ba aibu bane, haka tsarinsa yake kuma da shi muka tashi a gaban kakanninmu. Shi kuwa mai labarin kimiyya ƙarya ɗaya ko biyu muke yarje masa, yace mana "da a ce kaza zai yiwu", toh daga nan kuma duk abinda zai biyo baya dole ya hau kan hankali, idan yace injinsa da kwal yake aiki to sai ya nuna mana inda ake samo kwal ɗin da wanda yake haƙo shi da abinda zai faru ranar da ya ƙare.

Bari in baki misali da mutum biyu da ake ɗauka iyayen wannan fanni. Jules Verne Bafaranshe ne, an haife shi a Nantes a 1828, a 1865 ya fitar da labarin wasu mutane da suka ƙera wata ƙatuwar igwa a Florida ta Amurka suka harba mutum uku zuwa wata a cikin harsashinta, kuma ya cika shafuka da lissafin nauyin harsashi da yawan albarushi da gudun da ake buƙata kafin a kuɓuce wa jan ƙasa. Bayan shekara 104 da Amurkawa suka je wata da gaske a 1969, daga Florida ɗin suka tashi kuma mutum uku ne a cikin kumbon, duk da dai igwa bata iya wannan aikin, ƙarfin harbin kaɗai zai niƙe mutanen ciki. Shi kuma H. G. Wells na Ingila da ya tashi kai nashi mutanen wata a 1901 sai kawai ya ƙirƙiro wani sinadari da yake tare jan ƙasa, har Verne ya nuna rashin jin daɗinsa a wata hira yana cewa shi da lissafi yayi nashi, wancan kuwa ya nuna mana ƙarfen nashi mu gani.

Ni a wajena dukkansu sun cika sharaɗi, kuma Wells ya fi shiga raina. A littafinsa The Time Machine na 1895 mutum ya hau inji ya tafi shekara ta 802,701, ya tarar ɗan Adam ya rabu gida biyu, wasu kyawawa ragwaye a doron ƙasa basa komai sai wasa da cin 'ya'yan itace, wasu kuma a ƙarƙashin ƙasa cikin duhu suna kula da injuna, da dare su fito su kama na saman su cinye. Bai ɓata lokaci wajen bayanin yadda injin yake aiki ba, amma kinga tambayar da ya bi har ƙarshenta, wato idan masu kuɗi da leburori suka cigaba da nisantar juna ina za'a kwana. Kuma ba daga sama ya tsinto ba, mahaifiyarsa aikatau tayi a wani babban gidan masu hali inda 'yan aiki suke bi ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, ya gani da idonsa yana yaro. Ki ce wa ƙawarki ta gwada wannan ma'aunin akan duk labarin da ta karanta: abin mamakin da ke ciki yana da farashi kuwa, kuma an nuna wanda ya biya?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mai gyaran janareta ne a Maraɗi. Ƙanena ya nuna min hotunan wasu turawa sun sa dogayen huluna da tabarau irin na masu walda, sun liƙa ƙarafan agogo a jikin kayansu, yace sunan abin sitimfank. Wasa ne ko addini ne ko kuwa me?

AMSA: Wa alaikassalam ɗan uwa, ba addini bane, reshe ne na labaran kimiyya da ya girma har ya fita daga littafi ya zama ado da sana'a da biki. Kuma kai ka fi kowa cancantar gane shi tunda hannunka kullum cikin inji yake.

Rabin farko na sunan tururi yake nufi. Ka ɗora tukunya a wuta ka rufe, idan ta tafasa zakaga murfin yana rawa yana ƙwanƙwasa bakin tukunyar, toh wannan ƙarfin da yake ɗaga murfin shine duk sirrin, domin ruwa idan ya koma tururi yana neman fili kusan ninki 1,700 na wanda yake ciki a da, idan ka matse shi a bututu ka sakar masa fistin sai ya tura, fistin ya juya ƙafa, shikenan ka samu inji. Da shi aka fara zuƙe ruwa daga ramukan ma'adinai a Ingila a 1712, James Watt ya gyara shi ya rage masa cin kwal, zuwa 1830 jirgin ƙasa yana jigilar fasinja tsakanin Liverpool da Manchester. Zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, kusan komai nasu akan tururi yake tafiya, masaƙu da jiragen ruwa da na ƙasa.

Masu wannan adabin sai suka ce da a ce duniya bata koma kan fetur da lantarki ba fa, da a ce da tururi da tagulla da ƙarafan nan masu haƙora irin na cikin agogo aka ƙera kwamfuta da jirgin sama da mutum-mutumi. Sunan kanshi wani marubuci Ba'amurke K. W. Jeter ne ya raɗa a wata wasiƙa da ya aika wa mujallar Locus a 1987, yana neman abinda zai kira irin littattafan da shi da abokansa Tim Powers da James Blaylock suke rubutawa. Kuma tunanin yana da tushe na gaske. Akwai wani masanin lissafi Charles Babbage da ya zana injin lissafi na ƙarfe zalla wanda ake juyawa da hannu, gwamnatin Ingila ta zuba masa wajen fam 17,000 bai kammala ba, daga baya ya zana wani wanda ya fi shi, mai karɓar umarni ta katin da aka huhhuda irin na masaƙar zamanin, kuma wata mata Ada Lovelace ta rubuta bayani a kansa a 1843 wanda yau ake lissafa shi cikin farkon furogiram na kwamfuta. Ya rasu a 1871 ana ganin kamar ɓarnar kuɗi yayi. Sai a 1991 gidan tarihin kimiyya na Landan suka bi ɗaya daga cikin zanensa suka ƙera, suka juya hannun, ya bada amsa daidai. Littafin The Difference Engine na William Gibson da Bruce Sterling da ya fito a 1990 akan wannan tunanin ya tsaya, Landan ta 1855 da injin Babbage ya riga yayi aiki, gwamnati tana da lambar kowa da bayanin kowa a kati.

Hotunan da ka gani kuwa na masu biki ne, a garin Lincoln na Ingila duk ƙarshen watan Agusta ana taruwa dubbai, kowa da kayan da ya ɗinka ko ya ƙera da hannunsa, a Nantes garin su Verne kuma akwai giwar ƙarfe da katako mai tsayin mita 12 da take tafiya da mutane a bayanta tana fesa ruwa ta hanci. Abinda yake burge ni dasu shine son abinda ake iya kwancewa a gyara, suna cewa sun gaji da kayan da aka manne da gam idan ya lalace sai bola, kuma nasan kai ma ka san wannan takaicin.

Inda nake rabuwa da wasunsu shine wajen kwal. Kakana na wajen uwa aikin jirgin ƙasa yayi lokacin na tururi, shine mai zuba kwal a wuta. Ina yaro nakan zauna kusa dashi a zaure in riƙa kallon bayan hannunsa, duk tabon ƙuna ne ƙanana-ƙanana fari-fari kamar an yayyafa masa, tafin kuwa ya yi kanta har baya jin zafin kofin shayi, kuma har ya koma ga Allah tarin nan bai sake shi ba. Yakan kwatanta mana yadda ake buɗe ƙofar wutar da yadda ake watsa shebur ɗin ya bazu ko'ina kada wuta ta mutu ta gefe ɗaya, a tsaye, jirgi na jijjiga, tun daga fitowar rana. A can Ingilan ma sai a 1842 aka yi dokar hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 shiga ramin kwal, kafin nan yara 'yan shekara biyar shida suke wuni cikin duhu suna buɗe ƙofar iska. Duk labarin tururin da ya nuna min mai doguwar hula a saman jirgi bai leƙa ya nuna min mai shebur a ƙasa ba, gaskiya rabin labari ya bani.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Marubuciya ce ni daga Kano, nayi littattafan soyayya guda huɗu, yanzu ina sha'awar gwada wannan na tururin da Hausa. Matsalata ban taɓa zuwa Landan ba, kuma duk wanda na leƙa a can ake yinsa. In sa jarumaina su zama turawa ne ko yaya?

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, kuma wallahi wasiƙarki ta faranta min rai. Kada ki kai su Landan, babu abinda zaki faɗa akan hazon Landan da ba'a faɗa ba sau dubu, alhali ga kaya jibge a ƙofar gidanki babu wanda ya taɓa.

Kin san a 1832 wasu jiragen ruwa biyu masu tururi sun shigo kogin Kwara daga teku, kuma ɗaya daga cikinsu na ƙarfe ne, sunan da turawan suka sa masa Alburkah, wato albarka ɗinmu ta Hausa? Jagoran tafiyar Richard Lander ne, wanda a da hadimi ne na wani Bature matafiyi mai suna Clapperton, shi maigidan nasa a Sakkwato ya rasu a 1827. Yawancin turawan cikin jiragen zazzaɓi ya kashe su. Shi Clapperton ɗin ya rubuta cewa ya shiga wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya same shi da littafin lissafin Iƙlidis na Larabci a gabansa, wanda ya kawo masa tsaraba, Bello yace ai gidansu suna da kwafi da aka kawo daga Makka gobara ce ta cinye. Kafin su da kusan shekara ɗari akwai Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Ga maƙeran tagulla da masu narka gilashi a Bida, ga maƙeran Kano da dukawa da marina. Idan kuma injuna kike so masu kamannin gida, nemi hotunan littafin al-Jazari, wani injiniya musulmi, na 1206, ki ga agogon giwa mai aiki da ruwa da injunan ɗaga ruwa da ya zana.

Toh ga "da a ce" ɗinki nan a hannu. Da a ce jirgin nan ya kafe a yashi turawan suka bar shi, maƙeran Nupe suka kwance tukunyar tururin suka gane kanta, labari ya kai Sakkwato da Kano, shekara 70 kafin Gwamna Lugga ya iso a 1903. Amma daga nan ne aikin yake farawa, domin sai kin zauna da biro kin amsa tambayoyin da zasu hana ki barci. Me za'a ƙona? Kano bata da kwal, na Inugu sai a 1909 aka gano shi, kenan itace ne, toh dazukan wa za'a sare, kuma su waye zasu saro su ɗauko, kada ki kauda kai daga cewa a wancan zamanin akwai bayi a rinji kuma su za'a fara turawa. Ina ruwan da za'a zuba wa tukunya a watan Maris da rijiyoyi suka ja baya? Idan keken tururi yana kai kaya Katsina a wuni ɗaya, me fatake masu jakuna zasu ci, me madugu zai zama, me Buzayen da suke kawo gishirin Bilma a raƙuma zasu yi akai? Sarkin Maƙera da ada yake can ƙasa a jerin masu sarauta yanzu ya zama wanda sarki baya iya yaƙi sai dashi, wa zai ji haushi a fada? Malamai zasu rabu akan injin ko kuwa?

Kinga soyayyar da kika iya ma ta samu wajen zama, 'yar madugun da injin ya karya da ɗan maƙerin da ya ƙera shi, kuma kin san yadda ake kallon auren maƙeri a wasu gidajen ko babu inji. Shawarata ki ware wuni biyu ki je maƙera ki zauna, ki ji ƙarar zuga-zugi, ki ga yadda ƙarfe yake sauya launi daga ja zuwa ruwan ɗorawa kafin a ɗora shi a uwar maƙera, ki tambayi sunan kowane abu, masaba da awartaki da sauransu, ki rubuta yadda suke faɗa. Da waɗannan kalmomin zaki gina injinki, kuma ki bar mutanen cikin labarin su raɗa masa suna da kansu kamar yadda kakanninmu suka ga na gaske ya iso Kano a 1911 suka ce jirgin ƙasa, suka ce dogo.

Sai abu ɗaya, kada ki tsaya shafi goma kina bayanin bututu. Verne kanshi nan ne yake gajiyar da mutane, wani lokacin sai ya jera sunayen kifaye shafi guda.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a Gusau, jikana ne yake rubuta min. Yaron nan ya duƙufa karanta wani littafi wai wani ya haɗa gawa ya tashe ta. Ina tsoron kada ya taɓa masa imani. In ƙwace ne?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Hukunci dai na malamai ne, ni abinda ke cikin littafin zan faɗa maka tunda na karanta shi ya fi sau uku. Sunansa Frankenstein, wata yarinya Mary Shelley ce ta fara rubuta shi tana da shekara 18, a 1816 a bakin tafkin Janiba, shekarar da sanyi da ruwa suka hana Turai ganin bazara saboda tokar wani dutse da yayi aman wuta a Indunusiya, aka buga shi a 1818. Labarin wani ɗalibi ne da girman kai ya ɗebe shi ya shiga hurumin da ba nashi ba, kuma daren da abin ya buɗe ido sai ya tsorata ya gudu ya bar shi, babu suna babu mai koya masa komai, duk inda ya nufa a jefe shi. Daga nan har ƙarshe babu ranar da ɗalibin nan yaji daɗi, ƙanensa da amininsa da amaryarsa duk sun halaka ta dalilin abinda ya aikata, shima ya mutu a cikin ƙanƙara yana nadama. Littafin bai yabe shi ba ko kaɗan.

Kuma Baba ƙaga labari don a yi tunani ba baƙon abu bane a wajen musulmi, Ibn al-Nafis babban likita kuma malamin fiƙihu a Alƙahira wanda ya rasu a 1288 ya rubuta ƙagaggen labarin wani da ya tashi shi kaɗai a tsibiri ya gane Mahaliccinsa ta hanyar lura. A nan gida Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, yaro Bahaushe a sararin samaniya, an karanta shi a makarantu. Da zaka ji tawa, kada ka ƙwace, ka sa shi ya riƙa baka labarin babi-babi bayan isha'i, ka tambaye shi laifin wa ya fi yawa tsakanin ɗalibin da abin da ya haɗa. Daga amsarsa zaka gane inda hankalinsa yake.

TAMBAYA: Malam ni malamin makaranta ne a Damagaram, da Faransanci nake karatu. Na ɗauki littafin Verne na balan-balan da murna saboda ance ya ratsa ta ƙasarmu, amma yadda ya siffanta baƙar fata ya ɓata min rai har na ajiye. Ya kamata mu cigaba da ba yaranmu irin waɗannan tsofaffin littattafan?

AMSA: Malam ɓacin ranka yana kan hanya, nima na ji shi. Ga waɗanda basu sani ba, littafin Cinq semaines en ballon ne na 1863, wanda ya fara fito da sunan Verne, turawa uku a balan-balan daga Zanzibar har Senegal, sun bi ta saman tafkin Chadi da Kukawa da Agadas da Tumbutu, har ɗayansu ya faɗa tafkin don ya rage wa balan-balan nauyi. Verne bai taɓa taka ƙasashen nan ba, daga littattafan matafiya ya kwaso, musamman Heinrich Barth wanda ya shiga Kano a 1851 ana kiransa Abdulkarim. Abin takaicin shi Barth ya zauna da mutane, ya koyi Hausa, ya rubuta girman kasuwar Kano da saƙarta da rininta, amma da labarin ya biyo ta hannun mai kallo daga sama sai muka koma wasu halittu masu ihu da jifa ana harbinsu daga kwando.

Duk da haka ni bana goyon bayan a ɓoye shi. A ba manyan ɗalibai, malami yana kusa, a karanta a tsaya a tambaye su wa yake magana anan, wa aka hana magana. Sannan a haɗa musu da The War of the Worlds na Wells, 1898, inda ya juya abin, wasu halittu daga duniyar Mas suka sauka a Ingila da makaman da babu mai iya tsayawa gabansu, turawa suna gudu da kaya a ka, kuma tun a babin farko ya tuna wa mutanensa irin kisan ƙare dangin da su suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya. Shekara biyar bayan fitowarsa aka fasa ganuwar Kano da igwa. Yaro ɗan Damagaram ko ɗan Sakkwato zai karanta littafin nan ya fahimci abinda yaron Landan bazai fahimta ba.

Kuma yanzu akwai masu mayar da martani da alƙalami. Nisi Shawl tayi Everfair a 2016, labarin tururi a Kwango zamanin zaluncin Sarki Leopold na Beljiyam, P. Djèlí Clark yayi A Master of Djinn a 2021 a Alƙahira ta 1912, Nnedi Okorafor kuma tana da The Shadow Speaker wanda a Nijar ɗinku ta kafa shi a shekara ta 2070. Da Hausa ne har yanzu rumbun yake da sauran fili sosai.

TAMBAYA: Yaya ina so in fassara ɗaya daga cikin tsofaffin nan zuwa Hausa in riƙa sakewa kaɗan-kaɗan, daga baya in buga. Za'a kama ni? Kuma da wanne zan fara? Ƙaninka daga Kumasi.

AMSA: Ƙanena babu mai kama ka idan ka zaɓi wanda haƙƙin mallakarsa ya faɗi. A Najeriya da Ingila da Faransa ƙa'idar shekara 70 ce bayan rasuwar marubuci, Mary Shelley ta rasu a 1851, Verne a 1905, Wells a 1946, duk sun wuce, kuma zaka same su kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Inda zaka kula shine fassara ma tana da nata haƙƙin, idan Verne zaka yi daga Turanci to sabuwar fassara mallakar mai ita ce, tsofaffin kuma da yawansu an yanke an ɓata, gara ka haɗa kai da wani ɗan Nijar mai Faransanci kuyi daga tushe. Masu rai irin waɗanda na ambata a sama kuwa sai da izini a rubuce.

Sakewa kaɗan-kaɗan ɗin ma haka aka san su tun asali, marubucin Ingila Charles Dickens wata-wata yake fitar da nashi ana jira, The Time Machine ma a mujalla ya fara fitowa kashi-kashi. Da shi nake so ka fara, gajere ne, mutanen ciki kaɗan ne, kuma mutum ɗaya ne yake zaune yana ba baƙinsa labari bayan cin abinci, wanda bakin Bahaushe ya riga ya saba da wannan zubin. Babin farko ne zai baka wuya inda yake bayanin cewa lokaci ma wani ɓangare ne kamar tsawo da faɗi da kauri, kada ka bi shi kalma-kalma, ka fahimta tukuna sannan ka rufe littafin ka faɗa da bakinka. Idan ka gama babin ka karanta wa Hajiyarku da ƙarfi tana aikinta, duk inda ta ɗago kai tace me kace, sa alama a wajen ka sake shi. Ka turo min shafi biyun farko in gani, in sha Allah zan duba in mayar maka kafin fitowa ta gaba.